KUJERAR NA ƘI BA TA KOWA DA KOWA BA CE

Maganar da nake tafe da ita a kan kalma ɗaya ce tak ta Turanci, mai haruffa huɗu, watau "veto", da kuma sunan da Bahaushe ya raɗa mata, watau hawa kujerar na ƙi. Na san wani zai ce, ashe duk abubuwan da ke damun ɗalibi, ga tsadar abinci, ga rashin ruwa a ɗakunan kwana, ba a ga abin ɓata takarda a kansa ba sai kalma? To, a yi mini haƙuri a saurara. Wannan 'yar kalma ta sha hana a tsagaita wuta a inda ake kashe bayin Allah, ta sha rufe wa ƙasa sukutum ƙofar Majalisar Ɗinkin Duniya, ta taɓa raba mutum da muƙaminsa bayan ƙasashe 14 sun ce ya ci gaba da zama. Kalmar da ke iya wannan aiki ba ta cancanci riƙon sakainar kashi ba.

Mutane iri biyu nake da faɗa da su, kuma dukkansu akwai su a cikin wannan jami'a tamu, har da cikin wannan ƙungiya.

Na farko su ne 'yan'uwanmu masu ganin magana ba ta yin kwarjini sai an barbaɗa mata Turanci kamar yaji a kan tsire. Za ka ga mutum, uwa Bahaushiya, uba Bahaushe, da koko da ƙosai ya karya kumallo, amma da an shiga zancen siyasar duniya sai ya gyara wuyan riga ya ce wai Amurka ta yi "vetoing" ɗin "resolution". In ka ce masa, malam, faɗa mana da Hausa mana, sai ya dube ka sheƙeƙe ya ce ai Hausa ba ta da kalmar, wai wannan magana ce ta ilimi mai zurfi, harshen kasuwa ba zai ɗauke ta ba. Haba ɗan'uwa! Bari in tsegunta maka, shi kansa Baturen da kake taƙama da shi kalmar ba tasa ba ce. Daga harshen Latin na Rumawan da ya aro ta, kuma a can ma'anarta ita ce "na hana". Aikatau ne, watau fi'ili, na mai magana shi kaɗai, yana faɗa da bakinsa cewa ya hana. A ƙarni na 17 ta shiga Turanci a matsayin suna, daga baya suka mayar da ita aikatau, suka yi mata ɗafe-ɗafensu irin na "vetoed" da "vetoing". Ka ga ke nan kai aron aro ka yi, rigar da aka ba maƙwabci aro ita ka je ka roƙo kake yi mana yanga da ita. Kayan aro kuwa ba ya rufe katara.

Dubi kuma yadda Hausa ta yi da abin. Barume ya ce "na hana", Bahaushe ya ce "na ƙi". Duka biyun magana ce ta mutum ɗaya da ya tsaya a gaban taro ya faɗi ra'ayinsa da bakinsa. Amma Bahaushe bai tsaya nan ba, sai ya ƙara da kujera, kuma a cikin kujerar nan duk ilimin yake. Kowa na iya cewa na ƙi. Yaro na cewa na ƙi in an aike shi, jaki ma na turjewa a bakin rafi. Amma ƙin da ke kashe shawarar jama'a sai wanda ke da kujera, watau matsayin da doka ta ba shi ta ce in ya ƙi to an fasa. Turanci ya ɓoye wannan a cikin kalmar da Baturen kan titi bai san asalinta ba, Hausa kuwa ta baje shi a faifai, yadda tsohuwa mai sayar da daddawa in ta ji a rediyo za ta gane cewa wani mai iko ne ya zauna daram ya hana ruwa gudu. Wanne ne harshen ilimi a nan?

Za a ce mini ai aro ba laifi ba ne, kuma gaskiya ne. Mun ari mota da tebur da gwamna daga Turanci, mun ari alƙali da hukunci da majalisa daga Larabci, duk sun zama namu, ba mai jin kunyarsu. Amma ana aro ne in babu. Wanda ke da rumbu cike da gero ya tafi maƙwabta roƙon tsaba, wannan ba buƙata ce ta kai shi ba, rainin abin gida ne. Balle ma ita wannan kalma ko bakinmu ba ta zauna ba. Harafin farkonta babu shi a Hausa, in Bahaushe ya kama ta sai ta koma "bito" ko "fito", mai sauraro ya rasa ko fiton jirgin ruwa ake nufi ko kuwa wani ake kira ya fito daga ɗaki.

Mutane na biyu su ne suka fi ba ni takaici, domin su namu ne, masu son Hausa ne, wasunsu ma da ita suke cin abinci a gidajen rediyo da jaridu. Su nasu laifin shi ne sun sami magana mai daɗi sun mayar da ita gishiri, kowace miya sai sun zuba. Ƙungiyar ma'aikata ta ƙi karɓar tayin albashi, sai a ce ta hau kujerar na ƙi. Ɗan takara ya sha kaye ya ce bai yarda da sakamako ba, ya hau kujerar na ƙi. Kotu ta soke hukunci, ta hau kujerar na ƙi. To, in kowa na da wannan kujera, me ya sa ƙasashen Afirka suka shekara da shekaru suna neman a ba su ita? Wuƙar da aka yanka nama da ita, aka sare itace, aka tone rami, ranar da aka zo fiɗa ba za ta ci ba.

Saboda haka bari mu zauna mu tantance. Kafin a ce wani ya hau kujerar na ƙi a ma'anarta ta doka da mulki, sai abubuwa uku sun haɗu. Na ɗaya, akwai shawarar da wasu suka yanke, ko suka sami rinjayen da zai ishe su yankewa. Na biyu, wanda ya ƙi ɗin yana da iko a rubuce na ya ƙi, ba ƙarfin tuwo ko taurin kai kawai ba. Na uku, ƙin nasa shi kaɗai ya isa ya tsayar da maganar, ko da duk sauran sun taru a gefe guda. In ɗaya daga cikin ukun nan ya faɗi, to wani abu ne daban, a nemo masa sunansa. A Turancin ma haka abin yake, shi ya sa aikatau ɗin kan faɗa a kan ƙuduri ko shirin doka ko naɗi, watau abin da aka riga aka shirya aka kawo. Mu kan ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Kujerar na ƙi ita ce wurin da aka kifar da wannan karin magana, aka rubuta a doka cewa a nan sarkin ƙarfi ne a sama.

Inda aka fi jin wannan magana shi ne Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya. Ƙasashe 15 ne a cikinsa. Biyar na dindindin ne, watau Amurka da Rasha da Sin da Ingila da Faransa, goma kuwa zaɓensu ake yi su yi shekara biyu su sauka. Sashe na 27 na Yarjejeniyar Majalisar, wadda aka sa wa hannu a 1945, shi ya shimfiɗa ƙa'idar: a kan duk muhimmiyar magana ana bukatar ƙuri'a tara, kuma kada ɗaya daga cikin biyar ɗin nan ta ce a'a. Wani abin dariya, ka karanta Yarjejeniyar nan daga farko har ƙarshe ba za ka ga kalmar "veto" ba ko sau ɗaya. Waɗanda suka sassaƙa kujerar sun ji nauyin kiran ta da sunanta, sai suka lulluɓe ta da zancen amincewar wakilai na dindindin. Tarayyar Sobiyet ce ta fara hawanta, ran 16 ga Fabrairu 1946, a kan batun janye sojojin Ingila da Faransa daga Siriya da Labanan, ta kuwa yi ta hawa har Turawan Yamma suka yi wa jakadanta Andrei Gromyko laƙabi da "Mista Nyet", watau Malam A'a da harshen Rasha.

Kada kuma wani ya zaci abin na can ne, bai shafe mu ba. Karo na farko da Amurka ta hau wannan kujera, a watan Maris 1970, a kan Afirka ne, ta haɗu da Ingila suka kashe ƙudurin da aka kawo game da gwamnatin Turawa 'yan tsiraru ta Rodeshiya, ƙasar da ta zama Zimbabuwe a 1980. Ran 30 ga Oktoba 1974 ƙasashe goma suka yarda a kori Afirka ta Kudu ta zamanin wariyar launin fata daga Majalisar, sai Amurka da Ingila da Faransa suka hau kujerunsu su uku a rana ɗaya, magana ta mutu. A 1976 Amurka ta tare wa Angola ƙofar shiga Majalisar, sai daga baya a cikin shekarar ta kauce. A watan Nuwamba 1996 ƙasashe 14 suka goyi bayan Boutros Boutros-Ghali na Masar ya sake riƙe muƙamin Babban Sakatare, Amurka ita kaɗai ta ce ta ƙi, haka ya tattara takardunsa, Kofi Annan na Gana ya gaje shi. A watan Nuwamba 2024 kuma ƙasashe 14 suka amince da ƙudurin neman a dakatar da faɗa a kare farar hula a Sudan, Rasha ita kaɗai ta ce ta ƙi. Ka ga cutar ba ta gabas ba ce ba ta yamma ba, ta mai kujera ce ko wane ne shi.

Yanzu ga inda sakacin mai fassara ke zama zalunci. Ran 8 ga Disamba 2023 aka kawo ƙudurin tsagaita wuta a Gaza. Ƙasashe 13 suka ce i, Ingila ta ƙaurace wa ƙuri'a, Amurka ta ce a'a. Abubuwa uku ne daban-daban suka faru a zaure ɗaya. In mai ba da labari ya ce "Kwamitin Sulhu ya yi watsi da ƙudurin", ya yi wa ƙasashe 13 ƙazafi, ya kuma rufa wa mai laifi asiri, domin Kwamitin bai yi watsi da komai ba, ƙasa ɗaya ce ta danne shi. In kuwa ya ce "Amurka da Ingila sun hau kujerar na ƙi", nan ma ya yi ƙarya, domin ƙauracewa daban, ƙi daban. Manomin da ya kara rediyo a kunne a gindin bishiya ba shi da wata hanyar sanin abin da ya faru sai ta bakin wannan mai fassara. In an gurɓata masa kalma an gurɓata masa hukunci, zai zagi wanda bai ci ba bai sha ba, ya yi wa mai hannu dumu-dumu addu'a.

Bambancin nan tsakanin ƙi da ƙauracewa ba wasan nahawu ba ne, rayuka na rataye a kansa. A watan Maris 2011 aka kawo ƙuduri mai lamba 1973 wanda ya buɗe ƙofar kai hari ta sama a Libiya. Rasha da Sin ba su so abin ba, amma ba su hau kujerarsu ba, ƙauracewa suka yi. Ƙudurin ya wuce da ƙuri'a goma, cikinsu har da ta Nijeriya da Afirka ta Kudu da Gabon. Da ɗaya daga cikin biyun nan ta ce ta ƙi, da ƙudurin bai wuce ba. Abin da ya biyo baya kuwa, makaman da suka malalo kudu ta hamada bayan faɗuwar Gaddafi, mutanen Mali da Nijar da arewacin Nijeriya ba sai an ba su labari ba. Haka nan a sani, Nijeriya ta zauna a wannan Kwamiti sau biyar, Nijar sau biyu, na baya a 2020 da 2021, amma ko sau ɗaya ba wadda ta taɓa hawa kujerar na ƙi, domin ba su da ita. Iyakarsu su kaɗa ƙuri'ar rashin amincewa a ƙirga ta ɗaya. Shi ya sa a 2005 ƙasashen Afirka suka haɗu a Ezulwini suka tsayar da matsaya cewa a ba nahiyar kujeru biyu na dindindin da cikakken ikonsu. Wanda ya rubuta cewa Nijeriya ta hau kujerar na ƙi a Majalisar Ɗinkin Duniya ya ba ta a takarda abin da aka hana ta a zahiri.

Mu dawo gida. Sashe na 58 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce in Majalisar Dattawa da ta Wakilai suka zartar da shirin doka suka kai wa Shugaban Ƙasa, yana da kwana 30 ya sa hannu ko ya bayyana cewa ya ƙi. Wannan kujerar na ƙi ce sosai, sharuɗɗan nan uku sun cika. Shugaba Muhammadu Buhari ya hau ta a kan gyaran dokar zaɓe a 2018, ya sake hawa a watan Disamba 2021 saboda batun zaɓen fid da gwani na 'yar tinƙe, sai da aka gyara sannan ya sa hannu a watan Fabrairu 2022. Amma kujerar Shugaban Ƙasa ba irin ta Kwamitin Sulhu ba ce, tana da ƙafar da ake iya girgizawa. In kowace majalisa ta sake zartar da dokar da rinjayen kashi biyu cikin uku, ta zama doka ko ya so ko ya ƙi. An yi haka a shekarar 2000, lokacin da Majalisar Tarayya ta zartar da dokar kafa Hukumar Raya Yankin Neja Delta ba tare da sa hannun Shugaba Olusegun Obasanjo ba. An yi haka a Amurka a 1986, lokacin da Shugaba Ronald Reagan ya ƙi sa hannu a dokar ƙaƙaba wa gwamnatin wariyar launin fata takunkumi, majalisunsu biyu suka taru suka fi ƙarfinsa. Turawa na kiran wannan "override". Mu me zai hana mu ce majalisa ta sauke shugaba daga kujerar na ƙi? Wanda ya hau ai shi ake saukewa. Ka ga amfanin kalmar gida, tana haihuwa, ita kuwa ta aro juya ce.

Sauran ƙe-ƙen kuma kowanne da sunansa, Hausa ba ta yi talaucin da za a ce riga ɗaya za a yi ta karɓa-karɓa ba. Abin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta yi wa zaɓen 12 ga Yuni 1993 soke zaɓe ne, kuma ba wanda ya taɓa kiransa da wani suna. In Kotun Ƙoli ta rushe hukuncin ƙaramar kotu, sokewa ce ko warwarewa. In lauya ya yi ƙorafi a gaban shari'a alƙali bai karɓa ba, alƙali ya yi watsi da ƙorafin. In majalisa ta kaɗa ƙuri'a masu a'a suka fi yawa, ƙuduri ya faɗi, ko ya sha kaye, wannan kuwa sarkin yawa ne ya yi aikinsa, kishiyar kujerar na ƙi ke nan. In ma'aikata suka ƙi tayi, sun yi fatali da shi. In wani ya bi ta bayan gida ya lalata shiri, ƙafar ungulu ya yi masa. In mutum ya kafe ba dalili ba iko, ya yi ƙememe, ya turje, ya ƙeƙasa ƙasa. Ga kalmomi nan kamar jamfa a Jos, amma lalaci ya sa mun kama guda ɗaya mun maƙale mata.

Na san abin da za a mayar mini. Za a ce ai Bahaushe ya daɗe yana cewa wance ta hau kujerar na ƙi in ta ce ba ta son mijin da aka zaɓa mata, ko wane ya hau dokin na ƙi in an yi rarrashin duniya ya ƙi saukowa, to wane ne ni da zan hana mutane maganarsu? Ban hana ba, kuma ba ni da kujerar hanawa. A zaure da bakin kasuwa da cikin wasan kwaikwayo kowa ya yi azancinsa, Bature ma kan ce matarsa ta yi "veto" a kan fentin da ya zaɓa wa ɗaki, kowa ya san raha ce. Inda nake magana shi ne labarai, da littafin makaranta, da fassarar doka, da muhawarar ɗalibai irin tamu. A nan kalma ma'auni ce, kuma mudun da ya zama tiya yau ya zama rabi gobe ba mai sayen hatsi da shi.

Za a kuma ce kalmar tamu tana da ɗaci, tana sa a ga mai ƙin kamar mai taurin kai, alhali wani ƙin alheri ne. Wannan magana ce mai nauyi, kuma tarihi ya goyi bayan rabinta. Tarihin Rumawa ya nuna cewa wajen shekara 494 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, talakawan birnin Rum suka gaji da danniyar masu sarauta da bashin da ya yi musu katutu, suka yi ƙaura suka bar garin, ba su dawo ba sai da aka yarda su naɗa wakilansu waɗanda ke da ikon tsayar da duk umarnin da zai cuci talaka. Ashe kujerar na ƙi tun asali garkuwar mara ƙarfi ce. Haka shugaban da ya ƙi sa hannu a dokar zalunci ya yi abin yabo. Amma sauran rabin tarihin fa? A ƙasar Folan an yi zamanin da ɗan majalisa ɗaya tak zai miƙe ya ce bai yarda ba, zama ya watse, duk dokokin da aka yi a zaman su bi ruwa. Daga 1652 aka fara aiki da wannan al'ada gadan-gadan, maƙwabta suka gane cewa sayen mutum ɗaya ya fi yaƙi araha. Ba a soke ta ba sai 1791, lokacin bakin alƙalami ya riga ya bushe. A 1795 Rasha da Furushiya da Ostiriya suka ƙarasa rabe ƙasar, ta ɓace daga taswira har shekara 123. To, abin da ya fara a matsayin garkuwar talaka ya koma sandar manya, ya taɓa cin ƙasa ɗungurungum, in sunansa ya zo da ɗan ɗaci ai bai yi ƙarya ba. Wanda ya hau kujerar don gaskiya ya faɗi dalilinsa, jama'a ba mahaukata ba ne, za su gane. Ita kanta Majalisar Ɗinkin Duniya ta gane haka, shi ya sa a watan Afrilu 2022 Babban Zaurenta ya tsayar cewa duk lokacin da wata ƙasa ta hau wannan kujera, za a kira zama cikin kwanakin aiki goma a tattauna abin a bainar jama'a.

Saura me ya rage mana? Sashe na 55 na Tsarin Mulkinmu ya ce za a gudanar da harkokin Majalisar Tarayya da Turanci, da kuma Hausa da Ibo da Yarabanci in an yi tanadin da ya kamata. Wannan alkawari tun Tsarin Mulkin 1979 yake nan. Wa zai yi tanadin? Aljanu? Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a 1939, Sashen Hausa na BBC ya fara magana a 1957, magabatanmu da ba su da digiri ko ɗaya suka zauna suka ƙera mana Majalisar Ɗinkin Duniya da tsarin mulki da jirgin sama da 'yan sanda, kalmomin da yau muke faɗa kamar da su aka halicci harshen. Mu da aka tara mana malamai da ɗakunan karatu da ƙamusoshi, abin kunya ne a ce gudummawarmu ita ce "vetoing".

Saboda haka ina kira ga shugabannin wannan ƙungiya da su kafa ɗan kwamiti, a haɗa ɗaliban Hausa da na shari'a da na kimiyyar siyasa da na aikin jarida, su bi kalmomin ƙi da hani da sokewa ɗaya bayan ɗaya, su ajiye kowace a gurbinta da misalinta, a kai wa malamanmu su duba, a buga a wannan mujalla, a aika wa gidajen rediyo da jaridu. Aikin bai fi ƙarfin zangon karatu ɗaya ba. Kai kuma ɗan'uwa mai barbaɗa Turanci, ba mu ce ka bar Turanci ba, ka iya shi har ka fi mai shi, amma in ka zo Hausa ka shigo da ƙafa biyu. Ke kuma 'yar'uwa mai shirin zama 'yar jarida, ranar da aka miƙo miki labari daga zauren Majalisar Ɗinkin Duniya, kafin ki rubuta ki tambayi kanki, su nawa suka ce i, wa ya ƙaurace, wa ya ƙi, kuma shi mai ƙin yana da kujera ko kuwa a tsaye yake kamar kowa? Mutanen da za su saurare ki sun ba ki amanar kunnuwansu.

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Wanda kuma yake ganin na yi kuskure, fili a buɗe yake, ya ɗauko alƙalami mu haɗu a fitowa ta gaba, domin a wannan mujalla dai babu mai kujerar na ƙi. Allah ya ɗaukaka Hausa da masu kishinta, ya ba mu ikon kiran kowane abu da sunansa. Wassalam.